Ranar da Na Wanke Idon Dare

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ko da tsufa zai share mini sunayen jikokina kaf. Cikin kaka ne, shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun mutane, kowa na yawo yana ɗaga hannu sama wai neman sabis yake yi. Ina zaune a ƙarshen Samaru, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Bayan dangata dawa ce, bayan dawa rafi, bayan rafi kuwa sai abin da Allah ya sani.

Ina da kaji. Kada ku ce kaji kawai. Durgu ne, gajerun ƙafan nan da in suna tafiya sai ka rantse a zaune suke jan jiki. Ranar da za a kai ni gidan miji mahaifiyata ta sa guda biyu cikin kwando ta ce in tafi da su, kuma tun daga ranar irin bai taɓa yankewa a hannuna ba. Annobar kaji ta zo ta wuce, yunwa ta zo ta wuce, maigidana ya riga mu gidan gaskiya, su suna nan. Babu sauran abin da uwata ta taɓa da hannunta da ya rage mini sai su.

Ana nan, ana nan, sai yanyawa ta gano gidana. 'Yar mitsitsiyar dabba, ba ta kai kare ba, sai kunnuwa da jela, amma wayonta ya fi na mutum goma. Durgu kuwa ba ya gudu, ba ya tashi sama, tsayawa yake yi a ɗauke shi. Ina da goma sha ɗaya, kafin wata ya mutu ta bar mini uku. Na jera duwatsu a gindin akurki, ta haƙa ta ƙarƙashinsu. Na zuba ƙaya, ta bi ta gefe. Na mayar da su ɗakin girki, ta daina zuwa da tsakar dare ta koma magariba da asuba, lokacin da suke kiwo. Asabe, matar ɗan farina (shi ba na faɗin sunansa, yana can Kaduna wajen aiki), ta ce, “Iya, ki sayar da ukun nan ki huta mana.”

Na ce, “Ke dai Allah ya shirye ki. Ni da yanyawar nan, sai ɗaya ta bar wa ɗaya unguwa.”

Washegari na ɗaura zane na yafa mayafi na shiga bas zuwa Sabon Gari, na sauka na tambayi hanyar Chikaji, na je gidan Malam Bitrus. Tsohon soja ne, mutumin kudancin Kaduna. Da ya bar soja ya yi gadi a gonar jami'a inda maigidana yake lebura, shekara da shekaru kwano ɗaya suke ci. Bayan ya ajiye gadi sai masu gidajen gona suka riƙa kiran sa in dabba ta dame su, don yana da bindigar farauta da takardarta, kuma hannunsa ba ya rawa.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Iya, kin zo a daidai. Yarona da ke aiki ƙasar waje ya aiko mini da wani abu. Ranar Asabar zan zo. Yanyawan nan ta gama cin kaza a Samaru.”

Asabar bayan isha'i sai ga shi a kan babur, bindiga naɗe cikin buhu, da wani ɗan baƙin akwati rungume a ƙirji kamar jariri. Muka gaisa, Asabe ta kawo masa tuwo ya ci, sannan ya warware kaya a tsakar gida. Bindigar tana da nata madubi a sama, wani bututu mai jawo nesa kusa. Ya ce amma da dare shi ma makaho ne kamar kowa. Sai ya buɗe akwatin a hankali ya fito da abin. Baƙi ne, kamar an haɗa gwangwanin madara biyu, da gilashi gaba da baya. Ya kai shi gaban madubin bindigar ya ɗaura, ya murɗa wani ɗan kunne, abu ya ce ƙas.

“Kin gani? Ba sai na cire madubi ba. A gaba ake ɗaura shi. Saitin da na yi da rana shi ne na dare. Idon dare ke nan.”

Na ce, “Malam Bitrus, ka ji tsoron Allah. Dare na da ido?”

Ya zare harsashi ya sa a aljihu, ya ɗora bindigar a kan turmi ta fuskanci gona, ya sa Asabe ta kashe fitila. Ya ce in durƙusa in leƙa da ido ɗaya.

Jama'a, na leƙa. Duniya ce gaba ɗaya kamar an jefa ta cikin miyar kuka, kore shar, amma ga komai a fili. Ga karan dawa ɗaya bayan ɗaya. Ga suri. Ga akuyar maƙwabciyata Lami tana cin dangata, akuyar da Lami ta rantse mini a ɗaure take kwana. Na ɗago kai, duhu ƙirin. Na sake leƙawa, rana tsaka. Na yi salati ya fi sau bakwai. (Ban yi boko ba, amma na san abin mamaki in na gan shi.)

Yanyawa ta zo dab da asuba, Malam Bitrus ya gan ta, amma bai harba ba. Ya ce daidai bayanta akwai bukkar masu gadin gona, harsashi kuwa ba ya tsayawa inda aka ce masa. Jifa ya yi mata da hoge ta gudu. Ya ce yanzu ya gane hanyarta, gobe zai hau kan suri ya harba ƙasa, magana ta ƙare.

Da gari ya waye ya naɗe bindigarsa cikin buhu. Ya miƙo mini akwatin ya ce, “Iya, coci zan wuce. Hanyan nan duk ramuka ne, shi kuma ba ya son jijjiga. Ki ajiye mini zuwa dare. Kada yara su taɓa.”

Na karɓa da hannu biyu na ce, “Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba.”

To, a nan ne Shaiɗan ya sami wurin zama.

Sai na gaya muku wani hali nawa, in ba haka ba za ku ce taɓuwa ce. A gidanmu an hore mu cewa abin da ya zo maka don amfaninka ba ya komawa hannun mai shi da datti. Ka ari tukunya baƙa, ka mayar da ita tana ƙyalli. Ka ari rariya, ka kakkaɓe ta ka wanke ka shanya. A duk faɗin unguwar nan an san ni da wannan. Mata har rububin ba ni aron kwanonin biki suke yi, don sun san za su dawo kamar yau aka sayo su. Abin alfaharina ke nan a duniya, bayan kaji.

Na kai akwatin ɗaki na ajiye bayan jeren kwanoni. Na yi shara, na ba kaji tsaba, na dawo na dube shi. Na fita na dawo na sake duban sa. Zuciyata ta ce, bawan Allah ya kwana cikin raɓa saboda kajinki, ko leƙawa ba za ki yi ki ga halin da kayansa ke ciki ba? Yara ya ce kada su taɓa. Ni kuwa rabona da yarinta tun kafin a haifi Malam Bitrus.

Na buɗe. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Jikinsa da laka, wajen kunnen nan da ƙura. Na cire murfin gaba, sai ga gilashin da wani maiƙo a kansa, shuɗi-shuɗi, ja-ja, irin wanda ke tasowa saman ruwa in an wanke kaskon suya. Na ce wayyo, namiji dai namiji ne. Da hannun miya ya taɓa, kuma haka yake leƙawa, har yana murna.

Na goga da bakin zane, bai fita ba. Na sa sabulu da ruwan ɗumi, bai fita ba. Na ce au, taurin kai za ka gwada mini? Na ɗebo toka a murhu na samo soso. Ya fara sakin jiki daga tsakiya, amma gefe-gefe yana nan. Sai na aika hannu ƙarƙashin gado na jawo yashin rafi mai laushi da nake ajiyewa don gindin tukunya.

Asabe ta fito da tsintsiya ta tsaya a kaina. “Iya, anya ana wanke wannan abin?”

Na ce, “Akwai abin da ba a wankewa? Gawa ma wanke ta ake yi.”

“Ni dai da kin bari ya zo.”

“Ya zo ya tarar da kayansa da maiƙo a gidana? Ku 'yan zamani shi ya sa tukwanenku suke kamar bayan kwaɗo. Matsa mini daga haske.”

Na dirje gaba, na dirje baya. Cikin dirzar na danne wani ɗan maɓalli ya ce ƙit, ban kula ba. Na tsoma shi cikin bokiti na ɗauraye sau uku. Maiƙo ya fita tas, gilashi ya yi fari kamar ƙanƙara. Sannan na hau kujera na ɗora shi kan rufin kwano, tsakanin kuɓewa da barkonon da nake shanya, na juya idonsa ya kalli rana sosai don kada ya yi fumfuna. Tun hantsi har la'asar yana can. Sau biyu ina hawa ina juya shi.

Da abin ya tsaya nan, da kunyar tawa ta tsaya cikin gida. Ina! Na ɗauki ƙullun koko na tafi injin niƙa, na tarar da mata sun yi layi, na kwance musu labari. Na ce na ga dare tsirara. Na ce na ga akuyar wata tana cin danga, ban dai faɗi suna ba (Lami na tsaye a bayana). Na ce duk mai so ta zo bayan isha'i ta leƙa, ni zan roƙar mata.

Suka zo kuwa. Mata sun fi goma, wasu da goyo. Lami ta zo ta zauna a gaba tana cewa sai ta ga wannan akuya da idonta. Har mai unguwa ya zo da kansa, aka shimfiɗa masa tabarma. Malam Bitrus ya iso ya ga taro ya yi dariya ya ce, “Iya, biki ake yi?”

Na ce, “Bikin yanyawa.”

Na shiga ɗaki na fito da abin. Ban ma sa shi cikin akwatinsa ba. A kan sabon faranti na ɗora shi na rufe da faifai, na ajiye gabansa kamar abincin ango. Aka kashe fitila don kowa ya shirya. Cikin duhun ya laluba ya ɗaura shi gaban madubi, abu ya ce ƙas. Ya durƙusa ya leƙa.

Ashe bai ga komai ba.

Ya danna maɓalli ya sake leƙawa. Ya ciro sabon batir daga aljihu, ya kwance wani ɗan murfi zai sa, sai na ji ruwa ya ɗiga a kan faranti, ɗis, ɗis. Ya ce, “Asabe, kunna mini fitila.”

Aka kunna. Ya cire abin ya juya gilashin wajen haske ya daɗe yana kallo. Ya shafa da yatsa. Ya shinshina. Ya ce, “Ya Ubangiji.” Sannan da wata murya ƙasa-ƙasa ya ce, “Iya, wa ya taɓa wannan abu?”

Ni kuwa na gyara mayafi, na dubi mata dama da hagu don kowa ya shaida, na ce, “Ni ce. Ba sai ka gode ba. Maiƙon nan ya ba ni wahala, sai da na sa yashi.”

“Yashi.”

“Da toka. Na ɗauraye sau uku, ya wuni a rana. Ba za ka sami ɗigon datti a jikinsa ba.”

“A rana,” in ji shi. Ya zauna daɓas a ƙasa, tsohon soja guda, ya ɗora hannu biyu a ka. “Iya, ba maiƙo ba ne. Haka aka yi shi. Wannan launin shi ke taimaka masa shan haske. Kuma abin da ke cikinsa ko fitila mai ƙarfi ba ya so, balle rana. Shi ya sa yake da murfi.”

Ina jin kukan gyare a gona. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana ta jan carbi, kafaɗunsa na rawa. Asabe ta shige ɗaki ta turo ƙofa (daga baya ta ce fitsari ne ya matse ta, amma na ji abin da ta toshe da filo). Sai Lami ta miƙe ta karkaɗe zane ta ce, “To, Iya, mu da aka ce mu zo mu ga akuya? Ko ita ma kin wanke ta?”

Wurin ya fashe. Har goyo suka farka. Ni kuwa ina tsaye da faifai a hannu, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye fuskata. Da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe.

Malam Bitrus bai faɗa mini baƙar magana ko ɗaya ba, wannan ya fi komai ciwo. Ya ce, “Ba komai, Iya, alheri kika nufa.” Ya hau suri da cocila ya zauna har asuba. Yanyawa kuwa ba ta zuwa inda haske yake. Ta bar shi can yana haska dawa, ta zagayo ta bayan ɗakin girki ta ɗauki ɗaya. Saura biyu.

Ban karaya ba. Da safe na ce abin da hannu ya ɓata hannu zai gyara, sai mun je PZ, unguwar da masu gyara suke da shaguna. Ya ce in bari, na ce ko ya raka ni ko in tafi ni kaɗai. Muka je wajen wani Ibo mai gyaran kyamara da agogo. Ya maƙala wani gilashi a ido ya duba, ya kwance, ya zazzage, sai ga toka jiƙaƙƙiya da ƙwayar kuɓewa guda a kan teburinsa. Suka yi Turancin kasuwa shi da Malam Bitrus, ban ji komai ba, amma na ji “Mama” sau uku. Ya juyo ya ce, “Mama, kai ne ya yi wannan aiki?” Na ce ni ce. Ya kira maƙwabtansa biyu su zo su gani. Ya ce, “Mama, ka iya wanki. Amma wannan ya mutu. Ko wanda ya yi shi ba zai tashe shi ba.”

Kafin in dawo Samaru magariba ta yi, yanyawa ta riga ni gida. Saura ɗaya, 'Yar Baƙa, ita ma don tana kwance kan ƙwai ne a lungun ɗakin girki.

Daren nan a ɗakina ta kwana, ni kuma ban runtsa ba. Na yi ta tunani. In na riƙe ta, ranar da ta fito da 'yan tsaki kiwo ranar za a fara ɗauke su, mai tsare mini su kuwa na makantar da shi da hannuna. Da asuba na shimfiɗa ƙaiƙayi cikin kwando, na jera ƙwai tara, na ɗora ta a kai, na rufe da tsohon zane. Na rungume kwandon a cikin bas har Chikaji, kwandasta na ta mita.

Malam Bitrus ya ce ba zai karɓa ba. “Iya, wannan na mamanki ne fa. Ni ban ce ki ba ni komai ba.”

Na ce, “Na sani. Ba don abinka na kawo ba, kaza ba ta kai shi ba. Nan unguwarku ƙarar injunan masana'antu ta kori ko ɓera, kuma gidanka da katanga. Ka riƙe ta, irin ya rayu. A hannuna ba zai rayu ba.”

Ya dubi kwandon ya dube ni, ya kira matarsa ta share wani lungu. Bakwai suka ƙyanƙyashe. Yau in ka bi ta layinsu za ka ga gajerun kaji suna jan ciki a bakin kwata, 'yan unguwa na ce musu kajin Saja, don haka suke kiran Malam Bitrus. Kajin Saja! Na uwata. Ni akurkina tun daga ranar itace nake tarawa a ciki, in kewarsu ta dame ni sai in shiga bas in je gaisuwa.

Har yanzu ina mayar da tukunya tana ƙyalli, wannan sai dai kabari. Amma in aka ba ni ajiyar abin da ban san sunansa ba tun ina budurwa, tambaya nake yi tun mai shi bai juya baya ba: “Ana wanke shi?” In ya ce a'a, sai in kai ɗaki in rufe, in fito tsakar gida in zauna a kan hannuwana biyu har ya dawo.